Martani Ga Mai Cewa Gara Kushewa Da Jakar Ciki

Na karanta maƙalar da wani malami ya rubuta kwanan baya game da masu ciwon hanji da aikin da likitoci ke yi musu, inda ya tara hujjojinsa a kan cewa duk wanda aka yanke wa hanji, aka huda masa ciki, aka manna masa jaka domin bayan gida ya riƙa zuba a cikinta, to an raba shi da mutuncinsa da tsarkinsa a lokaci guda, har ya kai ga yanke hukuncin cewa da a yi wa Musulmi haka, gara ya daure wa ciwonsa, ya riƙe saiwa da sassaƙe irin na iyaye da kakanni, ya saurari hukuncin Ubangijinsa. Ban taɓa haɗuwa da malamin ba, ba na kuma tuhumar niyyarsa, domin ko makaho ya shafa rubutun ya san na mai tausayi ne. Amma da yake maganar da aka buga takan shiga gidajen da mai ita bai taɓa takawa ba, tana kuma iya faɗawa hannun wanda likita ya ce wa ya je ya yi shawara da danginsa ya dawo gobe, ya zama tilas a kan wanda ya san wani abu a cikin mas'alar ya tanka, tun kafin a rufe wani da ƙasa a kan fatawar da ba ta da tushe a likitanci, ba ta kuma da shi a fiƙihu.

Asalin kuskuren malamin, Allah ya gafarta masa, shi ne da ya tattara cututtukan ciki baki ɗaya ya kira su basir, bisa al'adar masu tallar magani da lasifika a bakin kasuwa da tashar mota, waɗanda a wurinsu ciwon baya basir ne, kasala basir ce, jini a bayan gida basir ne, kuma kwalba guda ta ishe su duka. Basir na haƙiƙa jijiyoyin jini ne da ke kumbura a bakin dubura. Yana da wahala, yana da ban haushi, amma ba shi ke kai mutum ga jaka ba. Abin da ke kai mutum ga jaka yana can ciki, a jikin hanjin kansa, wanda kashi biyu ne: ƙarami, mai tsawon kimanin mita 6, inda jiki ke tsotse amfanin abinci, da babba, mai kimanin mita ɗaya da rabi, wanda aikinsa shanye ruwa da tara abin da ya rage har zuwa lokacin fitarsa.

A ƙasashenmu, ɗaya daga cikin manyan dalilan da ke sa a buɗe cikin yaro ko saurayi da gaggawa shi ne zazzaɓin taifot, wanda babu mai iya cewa baƙo ne a wurinmu. Ƙwayar cutar takan shiga ta gurɓataccen ruwa ko abinci, ta sauka a ƙarshen ƙaramin hanji, idan kuwa ba a sami maganin da ya dace ba, ko aka sha rabi aka ajiye rabi, to a mako na biyu zuwa na uku sai ta ci bangon hanjin har ta huda shi, abin da ke ciki ya malala cikin kogon ciki, cikin ya kumbura ya yi tauri, yaron ya daina yarda a taɓa shi. Daga wannan sa'a babu jiƙo ko tsimin da zai bi ta baki ya je ya ɗinke hudar. Iyakarsa shi ma ya bi ta cikinta ya ƙara wa ɓarna yawa. Idan an kawo majinyaci da wuri, likita ya tarar da huda ɗaya da nama mai lafiya, sai ya ɗinke ya wanke ya rufe, babu maganar jaka. Idan kuwa an yi kwanaki ana yawo da shi daga mai magani zuwa mai magani, likita ya tarar da huda da dama, hanjin ya yi laushi har ba zai riƙe zare ba, to ɗinke shi a mayar ciki ganganci ne, domin in ɗinkin ya warware a ɓoye sai dai wani ikon Allah, don haka sai ya fito da bakin hanjin ta fatar ciki ya bar shi ya huta. Wannan baki shi likitoci ke kira sitoma, kuma a irin wannan hali na wucin gadi ne: bayan 'yan watanni, in jiki ya murmure, a sake shiga a haɗa hanjin, yaro ya koma zagayawa kamar kowa. Likitocin fiɗa na asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato, da takwarorinsu na Galmi da Damagaram a Jamhuriyar Nijar, sun daɗe suna wannan aiki, sun kuma yi rubuce-rubuce a kansa. Ina son malamin ya gaya mini, uban da ya karanta maƙalarsa ya ɗauke ɗansa daga gadon asibiti don gudun jakar 'yan watanni, wane mutunci ke nan ya tsare masa?

Sai kuma cututtukan da ke zama tare da mutum tsawon rai, waɗanda malamin ya yi wa kallo ɗaya ya ce na Turawa ne. Gaskiya ne can aka fara siffanta su. A shekarar 1859 Samuel Wilks, wani likita a Landan, ya bambance wani irin gyambon babban hanji daga atuni, shi ne ake kira kolaitis. A shekarar 1932 kuma likitoci uku na asibitin Mount Sinai da ke New York, wato Crohn da Ginzburg da Oppenheimer, suka bayyana wata cutar dabam mai kama ƙarshen ƙaramin hanji, sunan na farkonsu ya bi ta har yau. A cikin su biyun, garkuwar jiki ce, wadda aka halitta domin yaƙar cuta, take juyowa kan bangon hanji ta yi ta cinsa, kuma gado da muhalli da ƙananan halittun da ke zaune cikin hanji duk suna da hannu. Ba a ɗaukar su ta cin abinci tare ko ta musafaha. Kolaitis takan tsaya a babban hanji, ita kuwa cutar Crohn tana iya taɓa ko'ina daga baki har dubura, ta ƙuntata hanji har abinci ya kasa wucewa, ko ta fasa ƙurji mai yoyo a gefen dubura, wanda shi ma nan da nan a ce basir. To amma kasancewar an fara rubuta cuta a wata ƙasa bai tsare ta a can ba, kuma ƙasashen Asiya da na Larabawa da a da ake cewa ba su san ta ba, yau asibitocinsu sun san ta sarai. A wurinmu tana ɓuya ne a bayan atuni da tarin fuka na hanji, waɗanda ke kama da ita ƙwarai, har ba a rarrabewa sai an zura na'ura mai fitila ta dubura an duba, an ɗan gutsuro nama an kai ɗakin bincike. Rarrabewar kuwa ba ƙaramin al'amari ba ce, domin maganin da ke kwantar da cutar Crohn yana danne garkuwar jiki ne, in aka ba mai tarin fuka sai ya ƙara masa ciwo.

Da malamin ya zauna da mai irin wannan ciwo yini guda, da bai yi saurin kiran rayuwarsa ta kafin aiki mutunci ba. Ciwo ne mai tashi da kwantawa. In ya tashi, mutum ya zagaya sau goma ko ashirin tsakanin safiya da wata safiya, da jini da majina, barci ya gagare shi, jininsa ya ƙare, ya rame har a fara raɗe-raɗin sammu ko ƙanjamau, ya san wurin kowane bayi tsakanin gidansa da kasuwa, ya daina shiga motar haya mai nisa, ya daina zuwa ɗaurin aure, a masallaci kuma ya zaɓi bakin ƙofa don kada ya keta sahu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka cire wa babban hanji bayan shekarun irin wannan azaba, jakar da malamin ke ƙyama ita ce ta mayar da su cikin jama'a.

Zargin da ya yi wa likitoci na gaggawar ɗaukar wuƙa shi ma bai tsaya ba. Magani ake farawa da shi, tun daga salfasalazin da Nanna Svartz ta ƙasar Suwidin ta samar wajen 1940, da kotizon da Truelove da Witts suka tabbatar da amfaninsa ga masu kolaitis a 1955, har zuwa alluran zamani masu tsada da aka fara amincewa da su ga cutar Crohn a Amurka a 1998. Ba a zuwa ga aiki sai magani ya kasa, ko hanji ya toshe, ko ya fashe, ko jini ya ƙi tsayawa, ko an ga alamun sankara. Likitan fiɗa ma ya fi kowa rowar hanjin mai cutar Crohn, don ya san takan dawo a bakin ɗinki, kuma abin da aka yanke ba ya tsirowa. Inda ake manna jaka ta dindindin galibi shi ne sankarar da ta sauko kusa da dubura, wadda alamarta ta farko sau da yawa jini ne a bayan gida, wanda mai shi yakan shekara yana sha wa maganin basir. Kuma gwargwadon jinkirin zuwa, gwargwadon abin da wuƙa za ta ɗauka. Ashe shawarar malamin ita ce mafi kusancin hanya zuwa ga jakar da yake gudu, in ma an sami sa'ar kaiwa gare ta.

Ya kafa hujja da hadisin da ya lissafa wanda ciwon ciki ya kashe a cikin shahidai. Hadisin sahihi ne, muna kuma fatan Allah ya ba duk wanda ya rasu ta wannan hanya wannan daraja. Amma a cikin wannan hadisi ɗin dai an lissafa wanda ruwa ya ci da wanda gini ya rufta wa, ban kuwa taɓa jin malamin da ya fahimci cewa a bar mai nutsewa ya nutse, ko a hana tone wanda soro ya danne, don kada a raba su da shahada. Bushara ce ga wanda ajalinsa ya zo bayan an yi abin da za a iya, kuma umurnin neman magani daga bakin wanda ya yi busharar ya fito, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Magabatan da malamin ke jingina da su haka suka fahimta. Abul Ƙasim Azzahrawi, likitan Ƙurɗuba wanda ya rasu wajen 1013, ya bayyana a cikin littafinsa Attasrif yadda ake ɗinke hanjin da aka yanka da zaren da aka yi da hanjin dabba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, duk da nauyin daula da ke wuyansa, ya wallafa risala sukutum a kan maganin basir. Waɗannan bayin Allah sun ɗauki ciwon ciki a matsayin ilmin da ake bincike a rubuta, ba su ga tawakkali ya hana riƙon sababi ba.

Yanzu sai mas'alar tsarki, wadda ita ce ƙashin bayan maƙalar tasa, kuma a nan ne na fi mamaki, domin amsar tana cikin littattafan da shi da kansa ya karanta a zaure. Ya rubuta kamar huda a ciki baƙon abu ne da fuƙaha'u ba su taɓa ji ba, alhali Shehu Halil ɗan Ishaƙa, malamin Masar na ƙarni na 14, a cikin Muhtasar ɗinsa, a babin abubuwan da ke warware alwala, ya kawo hukuncin hudar da ke ƙasa da tumbi wadda abin da aka saba ke fita ta cikinta: idan mafitai biyu na asali sun toshe, to hudar ta tsaya a matsayinsu, idan ba su toshe ba, malaman mazhaba suna da zance biyu. Mu ɗauki mafi tsananin zantukan, mu ce abin da ke fita ta sitoma hadasi ne cikakke. To ai sai mu faɗa babin salasi, wato hadasin da ke fita ba da ikon mai shi ba, wanda yoyon fitsari shi ne sanannen misalinsa. Sitoma ba ta da tsokar da ke matsewa ta riƙe, saboda haka mai ita ba ya iya hanawa, ba ya iya jinkirtawa. Ƙa'idar Malikiyya a nan sananniya ce: salasin da ke lazimtar mutum rabin lokaci ko fiye ba ya warware alwala, in ya lazimci mafi yawan lokaci an so ya sabunta ta, matuƙar babu mashaƙƙa, sai in rabuwarsa da shi ta fi yawa ne yake warwarewa. Wanda aka fito wa da ƙaramin hanji, abu ne mai ruwa-ruwa ke tsiyaya kusan ko da yaushe, hukuncinsa a fili yake. Wanda aka fito wa da ƙarshen babban hanji kuwa, wani sa'in yakan sami lokutan da ya sani, sau ɗaya ko biyu a yini, to shi sai ya yi alwala bayan ya fita kamar kowa. Risala ta Ibnu Abi Zaid ta haɗa mai yoyon fitsari da mai jinin istihala a hukunci ɗaya, cewa an so su yi alwala ga kowace salla. Iyakar tsanantawar sauran mazhabobi ita ce su wajabta wannan alwalar. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya ce salla ta faɗi, ko ba ta karɓuwa.

In ya ce to ina batun najasar da yake ɗauke da ita a jikinsa, sai mu ce ɗalibin da ya sauke Ahalari ma ya san gusar da najasa an rataya shi ne a kan tunawa da iko, kuma Muhtasar ɗin nan dai ya buɗe babin abubuwan da aka yi afuwa a kansu saboda wuyar kauce musu, ya fara da hadasin da ke yawan zuwa wa mutum, ya bi da danshin basir a tufa, da tufar mai shayarwa wadda ke iyakar ƙoƙarinta. Abin da ke kan mai jaka shi ne ya zubar da abin da ke cikinta ya tsabtace bakinta kafin salla in ya samu dama, ya yi alwala ya kabbara, abin da ya zubo bayan haka ba ya cutar da shi. Game da shiga masallaci, dalilin hani shi ne tsoron ɓata wurin, jakar da aka manna da kyau kuwa ba ta yoyo ba ta wari. Kuma Buhari ya ruwaito cewa ɗaya daga cikin matan Annabi ta yi i'itikafi tare da shi tana fama da jinin istihala, har akan ajiye tasa a ƙarƙashinta tana salla. Imrana ɗan Husaini, sahabin da basir ya wahalar, da ya kai kukansa ga Annabi, an koya masa ne yadda zai yi salla a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kishingiɗe. Ba a sallame shi daga sahu ba. Abu ɗaya na yarda malamin yana da madogara a kansa, shi ne limanci: a mazhabarmu makaruhi ne mai salasi ya limanci masu lafiya. To amma karhanci daban, ɓaci daban. Sallarsa da ta mamunsa ta inganta, kuma tsakanin a ce wa mutum an fi so wani ya shige gaba da a ce masa gara ka mutu akwai tafiya mai nisa.

Ba zan ƙi ba malamin haƙƙinsa a wani wuri kuma ba. Siffar da ya kawo ta majinyacin da ke kwance a ƙuryar ɗaki, an ɗaure masa leda da tsumma a ciki, fatarsa ta saɓule, ƙuda na binsa, iyalinsa na toshe hanci, ba ƙage ba ce; akwai irinsa, kuma abin kunya ne a gare mu duka. Sai dai wannan hoton talauci ne da rashin koyarwa, kuma Turai ma ta ga irinsa. Kafin 1952 masu sitoma ta ƙaramin hanji a can suna shan baƙar wahala, har Bryan Brooke, wani likita a Birmingham ta Ingila, ya fito da dabarar naɗe bakin hanjin ya ɗan turo waje, yadda abin da ke fita zai zuba cikin jaka ba tare da ya kwanta a kan fata ba. A 1954 kuma wata ma'aikaciyar jinya a Denmak, Elise Sørensen, ganin 'yar'uwarta ta daina fita gida bayan an yi mata wannan aiki, ta ƙago jakar da ake mannawa a fata, a cire a yar. Su da suka ga wahalar sai suka gyara jakar. Malaminmu da ya ga wahalar sai ya ce a bar aikin. Jakunkunan nan daga waje ake kawo su, kuɗinsu ya fi ƙarfin manomi da ɗan dako, ba a kuma samunsu a kowane gari. Nan ne ya kamata alƙalaminsa ya yi kuka, ya tuna wa mawadata cewa zakka da waƙafi suna da gurbi a wannan wuri.

Da yawa daga sauran wahalar jinya kuwa ilmi ne ke rage ta, kuma ilmin ba mai zurfi ba ne. Majinyaci yakan tsorata in ya ga sitoma ja jawur da danshi, alhali lafiyarta ke nan, ba ta kuma jin zafin taɓi. In ta yi baƙi ne ake garzayawa asibiti. Ana so ya tashi ya taka tun washegarin aiki, ya fara kurɓar abu da zarar likita ya yarda, domin kwanciyar nan ta makonni da dangi ke tilasta wa mara lafiya don ƙauna ita ke jawo daskarewar jini a ƙafa da ciwon huhu. Amma ɗaukar buhu, da jan guga, da daka, da huɗa, a bar su har wajen mako shida zuwa wata uku, don kada naman ciki ya buɗe hanji ya turo a gefen ɗinki, kuma salla a zaune a wannan tsakani rangwame ne da shari'a ta bayar. A yanka ramin jaka daidai faɗin sitoma, domin ratar da aka bari ita ce ke cin fata, a kuma zubar da ita tun ba ta kai rabi ba. Wanda aka fito wa da ƙaramin hanji ya rasa aikin babban hanji na shanye ruwa da gishiri, saboda haka ƙishirwa ce babbar abokiyar gabarsa, musamman da bazara. Ruwan gishiri da sukari irin wanda ake ba yara masu gudawa ya fi masa ruwa zalla, in fitsarinsa ya ragu ya yi duhu to ƙodarsa ce ke kira, kuma azumin Ramadan a gare shi sai da shawarar likita, ga shi Alƙur'ani ya riga ya ba mara lafiya uzuri. Ya tauna abinci da kyau, ya yi hattara da gyaɗa da gasasshiyar masara da kwakwa da mangwaro mai zare, don sukan toshe. Ayaba da farar shinkafa kuwa sukan ɗaure abin da ke fita. Wanda aka yanke wa ƙarshen ƙaramin hanji ya tambayi likita batun allurar bitamin B12, don a nan jiki ke tsotsarsa. Mai cutar Crohn ya rabu da taba ko da ba zai rabu da komai ba, kuma shi da mai kolaitis su guji ƙwayoyin ciwon jiki irin su diklofenak da ake saye a kemis ba lissafi, domin suna iya tayar da ciwon da ya kwanta.

Malamin ya ce wanda aka taɓa wa hanji an gama da shi. Shugaba Eisenhower na Amurka an yi masa aikin hanji saboda cutar Crohn a watan Yuni na 1956, ya sake cin zaɓe a Nuwamba na wannan shekara, ya kammala wa'adinsa. Shinzo Abe na Japan ya yi fama da kolaitis tun yana matashi, ta tilasta masa sauka daga mulki a 2007 da kuma 2020, wanda ya nuna ciwon ba wasa ba ne, amma duk da haka babu firaministan da ya kai shi daɗewa a kan kujera a tarihin ƙasarsa. Na san za a ce waɗannan manya ne masu likitoci a gindinsu. To a bar su, a dubi na kusa. Masu jaka suna noma, suna koyarwa, suna zaman kasuwa, suna sauke farali a Makka, mata a cikinsu suna ɗaukar ciki su haihu lafiya, kuma babbar riga da zane da hijabi sun rufa musu asiri fiye da yadda tufafin Bature suka rufa wa nasa, har mai yiwuwa ne malamin ya taɓa haɗa kafaɗa da ɗayansu a sahu bai sani ba. Abin da ke karya su galibi daga mutane yake zuwa: mijin da ya ƙaurace wa ɗaki, surukar da ta ware kwano, abokin da ya daina sallama. Irin waɗannan mutane dā kunya ke ɗan tauye su. Yanzu maƙalar malamin ta miƙa musu hujja da sunan addini, wannan kuwa shi ne mafi munin abin da ta haifar.

Saboda haka ina roƙon malamin, don girman Allah, ya koma ga Muhtasar da sharhohinsa ya duba babukan da na ambata, ya kuma nemi izini ya shiga ɗakin masu jinyar fiɗa na asibitin da ya fi kusa da shi ya tambayi majinyata da bakinsu, sa'an nan ya sake ɗaukar alƙalami ya warware abin da ya ƙulla a inda ya ƙulla shi. Ina roƙon limamanmu su karantar da hukuncin salasi a fili a majalisunsu, domin akwai masu jaka da suka bar salla ba don raini ba sai don an gaya musu ba ta karɓuwa. Kai kuma mai karatu, in ka ga jini a bayan gidanka ya ƙi ɗaukewa, ko gudawa ta wuce makonni, ko kana ramewa ba dalili, ko yaronka mai zazzaɓi ya wayi gari da ciki a kumbure yana ƙin a taɓa shi, kada ka tsaya wurin mai lasifika. Ka nufi asibiti a ranar.